Ɗan Farin Inna Hansai

"Yini ɗaya ne fa, Injiniya," in ji Karimatu, tana tsane shinkafa a kwando, ta ba shi baya. "Mu kai Inna flat ɗin Maharazu da safe, Baturen ya zo ya sha shayinsa ya kama gabansa, mu ɗauko ta da la'asar. Wa zai sani?"

"Ni zan sani," Uwaisu ya ce.

Ta juyo ta dube shi da idanun nan nata da suka hana shi sukuni tun ranar da ya fara ganinta a bakin asibiti a nan Camberwell, cikin fararen kayan ungozoma, ruwa na tsiyaya daga lemarta. Ta ce ita ba ɓoye tsohuwa take nufi ba, Allah ya kiyaye. Tsoronta kawai kada mutumin ya shigo ya tarar da Najeriya zaune a falo da carbi da goro, ya rubuta abin da ya ga dama. Uwaisu ya yi dariya, ya karɓi kwandon daga hannunta saboda cikinta ya fara nauyi, ya ce ai Najeriyar ce aka turo shi ya gani.

Uwaisu Mailafiya ya bar Kazaure a shekarar da aka sami 'yancin kai, da akwatin ƙarfe da rigar sanyin da ta yi masa yawa. Ya karanta aikin lantarki, ya ƙware a kan na'urorin da ke sauraren motsi a ƙarƙashin teku, har ta kai a kamfanin da yake aiki idan abu ya cije, ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa. Yanzu Ingila ta haƙo nata man a Tekun Arewa, gwamnati na son kunnuwan da za su tsare mata rijiyoyin, kamfanin kuma ya ce Uwaisu ne zai ja ragamar aikin. Sai dai ɗakin da ake zanen yana bayan wata ƙofa mai ruwan toka a bene na sama, ba mai shigarsa sai wanda gwamnati ta tantance, ta yarda ya ga sirrinta.

Shi kuwa ɗan ƙasa ne. Fasfonsa shuɗi ne kamar na kowa a kamfanin. Da hannunsa ya mayar da koren bayan ya yi rantsuwa, domin dokar gida ba ta yarda mutum ya riƙe biyu ba, ya kuma daɗe abinci ba ya yi masa daɗi. Amma ɗan ƙasa na takarda da ɗan ƙasa na haihuwa ba a sikeli ɗaya ake ɗora su ba. An yi masa bayani cikin ladabi cewa wanda yake da dangi a waje, ana iya matsa danginsa don a matsa shi. Saboda haka aka ba wani jami'i mai suna Mista Holloway aikin bin diddiginsa, shi kuma ya ce zai so ya zo gida ya gani da idonsa.

Aka yi dace ko rashin dace, mahaifiyarsa tana gari. Ƙanensa Maharazu ne ya kawo ta. Arzikin mai ya ɗaga Maharazu sama kamar yadda ya ɗaga mutane da yawa a shekarun nan: kwangilar siminti, mota mai tsawo, flat a Marylebone, yana zuwa London kamar mai leƙawa Kantin Kwari. Yanar ido ta rufe wa Inna Hansai gani, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa, shi ne ya yi mata booking wurin wani likita a unguwarsa. Kwana ɗaya ta yi a flat ɗin ta ce ɗakin nan mai hawa da mutane sama yana juya mata kai, a kai ta gidan 'yar nan Karimatu. Haka ta faɗa, gidan Karimatu, kuma ba wanda ya yi mamaki.

Mista Holloway ya iso ranar Asabar da hantsi, dogon mutum mai furfura, tsohon ɗan sanda, hularsa a hannu. Ya goge takalminsa sosai a bakin ƙofa. Ya sha shayi, ya yaba da cincin, ya yi wa Uwaisu tambayoyin da aka saba: jam'iyyar da yake so, ko yana sha, ko yana caca, su wa ya sani a ofishin jakadanci, su wa ke sauka gidansa. Uwaisu ya amsa komai kansa a ɗage. Sannan Baturen ya juya ga tsohuwar da ta ƙi kujera, ta shimfiɗa darduma kusa da hitar ɗumama ɗaki tana jan carbi. Ya roƙi Karimatu ta yi masa tafinta, kalma da kalma in ba ta damu ba, kada ta ƙara kada ta rage.

Ya fara da tambayar 'ya'yanta nawa. Inna ta lanƙwasa yatsu tana lissafi: Maharazu, sai Asama'u da ke aure a Gumel, sai Lawal auta. Ta tsaya a nan.

Mista Holloway ya dubi Uwaisu, ya sake duban tsohuwar. Ya ce a tambaye ta, wannan mutumin da ke zaune fa?

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango.

"Wannan na Goggo ne," ta ce.

Ya nemi ta faɗi sunansa. Ta ce a tambayi matarsa. Karimatu ta fassara, sannan ta ji abin da ta faɗa, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta, don ita ma sunan bai taɓa fita daga bakinta a gaban surukarta ba. Biron Baturen na ta ƙara a kan takarda. Da aka tambayi Inna ko yana rubuto mata wasiƙa, ta ce ita me za a rubuto mata, boko ta iya? In da saƙo, wurin Baffansu yake zuwa. Amma da Baturen ya ambaci Maharazu, sai tsohuwa ta saki jiki. Ta ba da labarin ƙyandar da ya yi yana ƙarami, da yadda ya kai ta Makka, da yadda ba ya jin magana a kan gudu da mota, har sai da Karimatu ta gaji da fassara.

Duk wannan Uwaisu na zaune, ƙirjinsa cike da wani irin alfahari da ya rasa inda zai sa shi. Ga uwarsa a tsakiyar London, a gaban baƙon da gwamnati ta aiko, ba ta zubar da ko ƙwayar kunyarta ba. Tun da aka yaye shi kakarsa Goggo ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari a gidansu. Bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, bai kuma taɓa jiran ya ji ba. Abin da ya sani shi ne, duk ranar da aka yanka kaza a sashenta, ƙwarya na isowa ɗakin Goggo a rufe, a ce wai a ba yaran gidan, alhali yaro ɗaya ne a ɗakin, kuma cinya ce kullum a ciki. Bai ga wani abu a hirar da ke buƙatar bayani ba. Da Baturen ya tafi, Karimatu ta ce biron mutumin nan ya yi gudu da yawa, hankalinta bai kwanta ba. Ya sumbaci goshinta ya ce ta cika zargi.

Aka yi wa Inna aiki, aka naɗe mata idanu. Ranar da za a kwance, da safe, sai ga waya daga Mista Holloway, yana son Uwaisu ya je ya same shi. Ofishinsa ma a Marylebone yake, wani ɗan ɗaki a saman kantin sayar da agogo, ba suna a ƙofar.

Mutumin ya tarbe shi da fara'ar da bai nuna ba a gida. Ya zuba masa shayi da kansa. Ya ce yana da albishir: zai ba da shawara a amince da shi. Abin da kwamitin ke tsoro a irin wannan bincike shi ne shaƙuwa, igiyar da wani zai iya kamawa daga nesa ya ja. Ƙanen ɗan kasuwa ne, ba ya cikin soja ko gwamnati, wannan ba matsala. Uwa ce babbar tambaya, ita kuwa ya gani da idonsa. Ba ta lissafa shi cikin 'ya'yanta ba, ba ta kama sunansa ba, ba ta juyo inda yake ba ko sau ɗaya, an kuma bayar da shi tun yana ƙarami.

"Ni ma ƙanwar babana ce ta rene ni," Mista Holloway ya ce a hankali, yana juya cokali a kofi. "Uwata ta tafi ina ƙarami. Na san yadda abin yake, Mista Mailafiya, na kuma taya ka baƙin ciki. Amma a wannan karon ya yi maka rana."

Ya ce ya rubuta cewa babu wata alaƙa ta zuciya tsakanin mai neman izinin da mahaifiyarsa. Ranar Litinin Uwaisu ya dawo ya karanta, ya sa hannu cewa haka ne, shi ke nan sai kwamiti.

Uwaisu ya buɗe baki. A daidai lokacin sai ya ga ƙofar nan ta bene na sama a buɗe, ya ga teburin zane mai faɗi, ya ga shekarun da ya yi yana gyara aikin waɗanda ke shiga su bar shi a waje. Ya rufe bakin. Ya miƙa hannu suka gaisa, ya ma ce ya gode. Ya sauko titi iskar hunturu na dukan fuskarsa, amma kunnuwansa zafi suke yi.

Asibitin ba nisa, ya taka da ƙafa. A ɗakin jira ya tarar da Maharazu cikin shadda da babbar kwat a sama, yana ƙamshin turaren da ya sayo jiya. Uwaisu ya ja shi gefe ya gaya masa. Maharazu ya yi dariya har da riƙe ciki, har wata nas ta leƙo.

"Yaya Bature, Allah ya ba ka a ɓagas. Kunyar Inna ta saya maka kujera. To kai meye naka? Ƙarya ka yi? Shi ya gani, shi ya rubuta."

Uwaisu ya ce ai shi zai sa hannu.

Maharazu ya ce takarda ce da za ta kwanta a durowar Turawa har asu ya cinye ta. Inna ba za ta taɓa ji ba, in ma ta ji ba za ta tanka ba, don tankawar ma ai kama suna ne. Ya ce shi ya sa hannu a kan abubuwan da suka fi wannan a tashar jirgin ruwan Legas, bai kuma rasa barci ba. In kuwa Yaya ya ga abin ya yi masa nauyi, ya tattara ya dawo gida, kuɗi na nan kamar ƙasa, su buɗe kamfani tare, ya daina roƙon Turawa su yarda da shi. Uwaisu ya ce shi ba roƙo yake ba. Ƙasar nan ya yi mata rantsuwa, ya yi mata aiki, haƙƙinsa yake nema. Maharazu ya ɗaga kafaɗa ya ce to ga haƙƙin nan an miƙo masa, ya karɓa mana.

Aka kira su ciki. Inna na zaune a bakin gado, Karimatu na riƙe da hannunta. Likita ya warware bandejin a hankali, ya goge mata idanu, ya ɗora mata wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta yi salati. Maharazu ta fara gani, ta ce yaushe ya zama haka, wuya har uku. Ta kama fuskar Karimatu da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, ta ce ashe 'yar nan haka take da kyau, ita da murya kawai ta san ta. Ta dubi likita ta sa masa albarka, ta dubi nas, ta dubi furannin da ke kan tebur.

Uwaisu na tsaye a bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa. Idonta ya bi ta kansa kamar yadda zai bi ta kan kabad, ya wuce, ya tsaya a kan taga. Ta ce bari ta ga garin Turawan nan da ake faɗa.

Hadari ya rufe sama ranar, ga fitilar ɗaki a kunne, ba abin da ake gani a gilashin tagar sai mutanen da ke cikin ɗakin. Uwaisu ya ɗaga kai ya ga kansa a ciki, tsaye da kwat a hannu. Ya kuma ga tabarau mai kauri ya tsaya cak a kansa. Ba gari take kallo ba. Daga sumarsa ta fara, ta sauko goshi, ta sauko kafaɗu, a hankali, kamar mai karatun allon da ta daɗe da hardacewa. Rabonta da ganinsa da kyau tun yana saurayi. Maharazu na ta surutu da likita a kan magani, ba wanda ya lura.

"'Yar nan," Inna ta ce, ba ta juyo ba. "Furfura nake gani a kan mutanen gidanku? Yaushe? Kuma duk sun zube. Ki riƙa dama musu kunu da safe, shayin nan ba abinci ba ne."

Uwaisu ya fita baranda. Ya jingina da bango kusa da wani keken tura marasa lafiya, hawaye na zubo masa, bai ko share ba. Ya tuna ranar da zai bar Kazaure, gari duk ya fito rakiya ban da ita. Sai da ya koma hutu na farko Goggo ta gaya masa cewa tun daga wannan ranar, Hansai ba ta sha Litinin ba ta sha Alhamis, kullum da azumi a bakinta, in an tambaye ta ta ce ramuwa take yi. Wace irin ramuwa ce ba ta ƙarewa, in ji Goggo, tana dariya.

Karimatu ta same shi a nan. Ya gaya mata komai, har da godiyar da ya yi wa mutumin, wadda ita ta fi ci masa rai. Ta ɗora hannu a kan cikinta. Ya san abin da take tunani, don shi ma shi yake tunani: bangon ɗakin kwanansu da ke tsattsafo da ruwa duk hunturu, da gidan nan mai ɗan lambu da suka gani a Lewisham suka tsaya suna kallo kamar yara a bakin kanti. Ta gyara masa kwalar riga, ta bar hannunta a wurin.

"Wallahi na fi ka son aikin nan, Injiniya," ta ce. "Ni na ga daren da ka yi a kansa. Amma mutumin da na aura yana da uwa. In ka sa hannun nan, ban san wa zan riƙa buɗe wa ƙofa da yamma ba."

Ya kama hannun ya riƙe a ƙirjinsa, a barandar asibiti, Turawa na wucewa, bai damu ba.

Ranar Litinin ya sa kwat ɗinsa mafi kyau. Mista Holloway ya turo masa takardar da biro a kai. Uwaisu bai taɓa biron ba. Ya ce yana da bayanin da ya kamata ya yi tun ranar Asabar ɗin nan, laifinsa ne da bai yi ba, don bai taɓa zaton abin na buƙatar fassara ba. Ya gaya masa yadda ake yi da ɗan fari a garinsu. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta lissafa shi, ba ta dubansa a gaban mutane, kuma gwargwadon yadda ta kame, gwargwadon yadda kowa ke sanin inda zuciyarta take. Ya ce matar da ya gani ta juya wa bango fuska, da za a ce ta ba da idanun nan biyu da aka gyara mata don kada ƙaya ta soke shi, da ba ta bari an ƙarasa tambayar ba. Shi ma haka.

Mista Holloway ya cire tabarau ya murza ido. Ya mayar da shi. Sannan ya tambaya ko Uwaisu ya gane cewa wannan ya juya rahoton gaba ɗaya, kuma kwamitin na iya hana shi a kan wannan kaɗai. Uwaisu ya ce ya gane. Mutumin ya jingina, ya koma ɗan sandansa na da, ya ce to a ce gobe wasu sun je Kazaure sun zauna a ƙofar tsohuwar, sun aiko masa cewa zane ɗaya kawai suke so.

Uwaisu ya ce ya yi wa ƙasar nan rantsuwa da sunan Allah, kuma matar da ta haife shi ita ce ta farko da za ta tsine masa in ya ci amana. Ba zai ba su ko layi ɗaya ba. Nan ofishin zai fara zuwa kafin ya je ko'ina, kuma yana so ranar, in ta zo, su riga sun san dalilin tashin hankalinsa. Mutumin da ya ɓoye musu uwarsa don ya sami aiki, in ji shi, shi ya kamata su ji tsoro.

Mista Holloway ya dube shi da wani irin kallo, rabi tausayi rabi wani abu da ya fi tausayi. Ya ce shi abin da ya gani ya rubuta, ba ƙarya a ciki, kuma ba wanda ya ji wannan hirar sai su biyu. Yana iya barin takardar yadda take. Ya ɗan ƙara turo ta gaba da yatsa ɗaya.

Uwaisu ya miƙe zaune sosai, ya mayar masa da ita.

"A sake sabuwa, Mista Holloway. Ka rubuta cewa Hansai ta Kazaure uwata ce, ni ne ɗanta na fari, kuma duk duniya ba wanda ya fi ta a wurina. Da wannan zan je gaban kwamitin, su ba ni ko su hana."